Daga Gadarif zuwa Kano: yadda ake auna mutum a nan

Assalamu alaikum, 'yata. Saƙonki ya iso, na ji daɗinsa ƙwarai. Ki gaishe min da babanki da mahaifiyarki da duk wanda ya tambaye ni. Mu muna nan Gadarif tun da yaƙi ya taso mu daga Jazira, alhamdu lillahi, ana ci ana sha gwargwadon hali.

Tambayoyi uku kika jero min: wai da gaske ne Larabawan Sudan suna raina mu saboda baƙar fata, ko muna auratayya da su, sannan me ya hana mu tattara namu ya namu mu dawo gida. Ta ƙarshen ba ta da tsawo. Kakanki da mahaifina ciki ɗaya suka fito. Mahaifina ya kamo hanyar hajji a ƙafa yana saurayi, guzuri ya ƙare masa a Jazira, ya tsaya neman na gaba, aure ya same shi, 'ya'ya suka zo. Ya sauke farali daga baya, amma nan ya dawo, nan kabarinsa yake. Nan aka yanke min cibiya, nan na yi aikin ungozoma har ƙarfi ya ƙare. Kano muna sonta, amma in aka ce gida, a wurina nan ne. Haka abin yake ga yawancin Hausawan Sudan, waɗanda masu ƙiyasi ke cewa mun kai miliyan 3.

Sauran biyun su ne masu nauyi, kuma ba sa rabuwa.

Raini akwai shi, ba zan ɓoye miki ba. Sai dai in kika ɗauka irin na Amurka ne, fari a gefe baƙi a gefe, lissafinki zai ɓaci. Ki tsayar da mutumin Shandi, garin Larabawan bakin kogi, da Bahaushen Kasala a rana, sau da yawa ba za ki ce ga wanda ya fi wani duhu ba. Abin da ake aunawa nasaba ce. Ja'aliyyin suna kai salsalarsu ga Abbas, baffan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sauran ƙabilun bakin kogi ma kowa da balaraben kakan da yake jingina da shi. Tun samun 'yancin kai a 1956, mulki da manyan muƙaman soja da ofisoshi da bankuna yawanci a hannun ƙabilu uku na arewacin Hartum suke yawo: Ja'aliyyin, Shaigiyya da Danagla. A ɗaya ƙarshen kuma akwai waɗanda aka kamo kakanninsu. Bayan sojojin Muhammad Ali na Masar sun ci ƙasar a 1821, farautar bayi ta zama babbar sana'a, ana ɗebo mutane daga Kudu, da duwatsun Nuba, da saman Shuɗin Nilu. Har gobe in faɗa ya yi zafi za ki ji an gorantawa namiji cewa bawa ne, mace baiwa, ko da likita ce.

Tun a wancan zamanin ba a yi wa namiji da mace awo ɗaya ba. A 1925 manyan shugabannin addini uku na ƙasar, Sayyid Ali al-Mirgani da Sharif Yusuf al-Hindi da Sayyid Abdurrahman al-Mahdi, suka rubuta wa Turawa takarda suna neman a sassauta da 'yanta bayi. Hujjarsu ita ce gonakin bakin kogi za su rasa masu aiki, matan kuwa in aka sake su karuwanci za su shiga. Ki duba da kyau: namijin ana tsoron rasa ƙarfinsa, macen kuwa an riga an yanke hukunci a kan mutuncinta tun ba ta fita daga gidan ubangijinta ba. Wannan zaton bai mutu ba. Shi ne yake bin duk wata mace mai duhun fata da talauci ya fito da ita bakin titi.

Mu Hausawa ba a wannan layin aka sa mu ba. Kowa ya san da ƙafarmu muka zo, da allo da Alƙur'ani. Wanda zai yatsina fuska da rana ya ce miki Fallatiya, shi ne zai lallaɓo wurin malaminmu da dare neman rubutun sha. Namu tambarin daban ne, baƙunta. Bahaushe, Bafulatani, Babarbare, Bazabarme, duk wanda ya fito daga yamma an haɗa shi a suna ɗaya, Fallata ko Takari, kuma ko kakan kakansa a nan aka binne shi, baƙo ne.

Wannan baƙuntar ba a baki ta tsaya ba, doka ce ta kafa ta. Kin san Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'ar hijira zuwa gabas, suka sauka bakin Shuɗin Nilu wajajen 1906, garin da ke kudu da Sinnar yake ɗauke da sunansa har yau. To a 1948 aka yi dokar da ta fayyace wane ne Basudane, ta ce sai wanda shi ko kakanninsa ta wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Dokar 1957, bayan 'yancin kai, ta riƙe wannan ranar. Ki yi lissafi da kanki: duk mutanen hijira sun faɗo waje, balle irin mahaifina da suka zo daga baya. An matso da ranar zuwa 1924, sannan dokar 1994 ta kawo ta 1 ga Janairu 1956, amma kafin nan an riga an raba gonaki, an raba guraben makaranta da aikin gwamnati. Kuma ko da doka ta saki, hannun ma'aikaci bai saki ba. Mai neman takardar ɗan ƙasa, wadda muke kira jinsiyya, sai ya kawo shaida daga dangin uba, mahaifi ko wa ko baffa mai takarda. Ɗan ƙabilar bakin kogi ya faɗi sunan ƙauyensu an gama. Namu kuwa sau da yawa a ce ya kawo wasiƙar shehun unguwa, ya kawo ta umda, wato mai sarautar gargajiya na yankin, a tura shi bincike. A 2008 wata jaridar Hartum ta jingina wa shugaban ƙasa na lokacin, Bashir, maganar cewa Hausawa ba 'yan ƙasa ba ne. An musanta daga baya, amma kafin nan Gadarif da Kasala sun kama da zanga-zanga har an zubar da jini. Maganar ta yi zafi ne don kowa ya taɓa jin irinta a bakin tagar wani ofishi.

Kin lura na ce dangin uba. Har 2005 mace ba ta iya ba ɗanta jinsiyya. Yarinyar da aka haifa a nan, uwarta da kakarta duk a nan, in ta auri wanda ya zo daga Damagaram ko Katsina bai da takarda, 'ya'yanta sun zama baƙi a ɗakin da aka haife su. Gyaran 2005 ya buɗe ƙofa, amma sai an nema, ba kai tsaye ba kamar ta uba. Na karɓi haihuwar yara da yawa da na san tun ina yanke cibiya cewa wannan zai sha wuya kafin ya zauna jarrabawar sakandare.

Yanzu ki zo Jazira, don nan ne za ki ga yadda takarda take zama dukiya. An gama madatsar Sinnar a 1925, aka buɗe noman rani na auduga tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, wanda daga baya da ƙarin yankin Managil ya haura fadan miliyan 2, fadan ɗaya kusan eka ɗaya ne. Aka yanka ƙasar gida gida, kowane manomi da gonarsa da ake kira hawasha, da farko fadan 30. A zamanin Turawa kuɗin auduga ana raba shi uku: kashi 40 na manomi, 40 na gwamnati, 20 na kamfanin Turawa. Amma mai hawasha da iyalinsa ba za su iya shuka da ciyawa da tsintar auduga su kaɗai ba, wasu ma suna ganin aikin hannu bai dace da ɗa mai asali ba, tunda da can bayi ke yi. Sai aka buɗe wa mutanen yamma ƙofa. Da farashin auduga ya faɗi a farkon shekarun 1930, masu hawasha da yawa suka watsar, Turawa suka miƙa wa Fallata. Da auduga ta sake daraja, sai aka ce hawasha ta ɗan ƙasa ce, ɗan ƙasa kuma ga yadda doka ta fayyace shi.

Wanda bai samu hawasha ba ya zauna a kambo. Kambo ba ƙauye ba ne a idon hukuma, zango ne na 'yan ƙwadago a gefen hanyar ruwa, a kan ƙasar da ba tasu ba. Jam'insa kanabi. Akwai Hausawa da Barebari a ciki, akwai mutanen Darfur da yawa, Tama da Bargo da Masalit da Fur. Ƙungiyar mutanen kanabi da aka kafa a 2013 ta ce adadinsu ya haura 2,000. Tunda filin ba naka ba ne, ba ka da takardar gida, ba ka da ƙarfin zuciyar yin gini mai ɗorewa, kuma in ana rabon famfo da wutar lantarki da makaranta da asibiti, ƙauyen masu hawasha ake kai wa. Za ki ga wayar wuta ta wuce ta saman kambo ta sauka a ƙauyen da ke gaba. Ruwan sha daga hanyar ruwan gona ake ɗiba, inda dabbobi ke sha, shi ya sa tsargiya da zazzaɓin cizon sauro ba sa rabuwa da yara. Abin da zai ba ki mamaki, yau mafi yawan noman da ake yi a wasu sassan Jazira mutanen kambo ke yin sa. Mai hawasha yana Madani ko Hartum ko Saudiyya, ya ba da gonar a raba amfani biyu, ko ya ba da ita haya na shekara, abin da ake kira dangada. Gumi na wannan, suna a littafin hukuma na wancan.

To ki ga, in kika ce "Hausawan Sudan" kin haɗa mutanen da ba su ganin kansu ɗaya. Akwai tsofaffin gidajen Fallata a Umdurman da Madani da Sinnar, waɗanda suka zo tun kafin Mahdi ko tare da shi, suka yi karatu, suka yi auratayya, yau jikokinsu alƙalai ne da hafsoshi, Hausa ko Fulatanci ko "zo in kashe ka" ba sa ji, wasunsu ma ba sa son a tuna musu. Akwai mutanen Mai Wurno da suke riƙe da cewa su jinin Shehu ne da jama'ar hijira, ba 'yan ci-rani ba, kuma suna bambanta kansu da Bahaushen da ya zo tsintar auduga. Akwai masu gonakin riɗi da dawa a nan Gadarif, masu motoci da shaguna, waɗanda su ma suke ɗaukar 'yan ƙwadago kamar kowa, ba kuma lallai su fi wani tausayi ba. Akwai masunta da masu noman gaɓar kogi a Rusairis da Dindir. Sannan mutanen kambo. Kalmar Fallati in ta faɗa kan mai shago a kasuwar Gadarif, zagi ce kawai, ya kakkaɓe riga ya wuce. In ta faɗa kan ɗan kambo, ita ce ke hana shi fili da takarda.

A kowane ɗaya daga waɗannan gidajen, sai ki sake tambaya: macen fa? Aikina ya shigar da ni ɗakunan da maza ba sa shiga, na masu hawasha da na kambo, Larabawa da namu.

Kulle a nan alamar wadata ce, kamar yadda na ji yake a wurinku. Wanda ya samu, abu na farko da yake yi shi ne ya cire matarsa daga gona. Matar kambo kuwa tun sanyin Janairu tana cikin auduga, ana biyan ta da ƙuffa, kwando nawa ta cika. Ta dawo ta ɗebo ruwa, ta nemo itace, ta tuƙa tuwo. Mijinta in ya gama nasa aikin ya zauna a inuwa, ita nata ba ya ƙarewa. Na sha zuwa karɓar haihuwar matar da ke gona har ranar da naƙuda ta kama ta, jininta ya yi ƙasa, idonta fari fat. In abu ya rikice da dare a lokacin damina, baƙar ƙasar Jazira ta zama taɓo, mota ba ta shiga, sai amalanken jaki. Matar mai hawasha ma tana shan wuyar haihuwa, amma ɗan'uwanta yana da mota kuma ya san likita.

Matan da ke cikin kulle a unguwanninmu na gari sana'a suke yi daga cikin gida, kuma kin san ƙafar wa take kai kayan kasuwa. Yarinya ce. Godogodo, wato furarmu ta gero da nono da duk Sudan ta sani da sunan Hausawa, da soyayyar gyaɗa, da dakkwa, yarinya 'yar shekara 8 ko 9 ke ɗauka a ka. Uwar tana tara mata kayan ɗaki da ribar, wan yarinyar yana makaranta ko yana koyon gashin agashe, wanda shi aƙalla sana'a ce da za ta riƙe shi. In an ce 'yan matan Hausa ba sa karatu, Balarabe ya ce al'adarsu ce, namu mazan su ce talauci ne. Ni na ce duka biyun, da na uku: makarantar tana ƙauyen da ba a maraba da ita. Nauyin nan kamar ɗaurin itace ne da ake miƙawa daga kai zuwa kai, hukuma ta ɗora wa namijinmu, shi ya ɗora wa matarsa, ita ta ɗora wa 'yarta, yarinyar kuwa ba ta da wanda za ta miƙa wa. Dokar iyali ta 1991 ma ta ba alƙali damar amincewa da aurar da yarinya tun tana shekara 10, kuma ba 'ya'yan manyan Hartum ake yi wa haka ba.

A birni hoton ya fi fitowa fili a wurin masu shayi. Duk inuwar bishiya a Hartum kafin yaƙi za ki ga mace da murhun gawayi da ƙananan kujeru. Yawancinsu 'yan Darfur ne da Nuba da Habasha, da namu kaɗan, matan da yaƙi ko fari ya koro. Dokar da aka kira ta tsarin jama'a, wadda jihar Hartum ta kafa a 1996, da sashe na 152 na dokar laifuffuka mai bulala har 40 a kan shigar da aka ce ba ta dace ba, a rubuce sun hau kan kowace mace. A aikace kuwa motar kame a kan mai shayi take tsayawa, a kwashe mata kofuna da butoci, ta biya tara. Mai tafiya cikin mota mai duhun gilashi ba wanda ya ga shigarta. A 2009 aka kama 'yar jarida Lubna Husaini a kan sa wando. Tana da ilimi, tana aiki da Majalisar Ɗinkin Duniya, ta gayyaci 'yan jarida kotu, duniya ta ji, ba a taɓa ta da bulala ba. Yawancin waɗanda aka kama tare da ita, cikinsu har da 'yan Kudu, an riga an yi musu bulala 10 kowacce, ba wanda ya riƙe sunansu. Ba laifinta ba ne, ta yi jarunta. Amma wando iri ɗaya suka sa. Masu shayin su ma ba zama suka yi suna kuka ba. Awadiyya Mahmud Koko, 'yar duwatsun Nuba, ta haɗa su ƙungiya tun wajajen 1990, ta sha ɗauri, an karrama ta a Amurka a 2016, kuma a zaman dirshan da masu zanga-zanga suka yi a Hartum a 2019 tana cikin masu ciyar da matasa. An soke dokar tsarin jama'a a Nuwamba 2019.

Sai aure. Dokar iyali ta ce dacewar miji da mata a addini da hali ake duba ta. Iyaye kuwa asali suke tonowa, su aika a binciko kaka da kakan kaka. Saurayinmu in ya yi karatu ya yi kuɗi yakan nemi 'yar Larabawa, wani lokaci a ba shi, musamman in gidan ba su da ƙarfi, sau da yawa kuma a ce an riga an yi wa ɗan baffanta alkawari. Kuɗi yana goge wa namiji wani abu daga tambarin. Balarabe kuwa in ya auri 'yarmu ba ya rasa komai, 'ya'yan sunansa za su ɗauka, amma sau da yawa a ta biyu take shiga, ko a ɓoye wa danginsa, kuma ranar da ta saɓa da uwar miji za a tuna mata daga inda ta fito. Shi ya sa iyayenmu suke cewa ƙwarya ta bi ƙwarya. Kada ki ɗauka mu tsarkaka ne a nan. Gidan Bahaushen da ke kukan an hana ɗansa 'yar Shaigiyya, shi ne zai hana 'yarsa Banube musulmi mai salla, da irin kalmomin da aka faɗa masa.

Akwai abin da ba a faɗa a gaban maza, amma ke mace ce kuma kin yi hankali. Kaciyar mata irin ta Fir'auna, wadda ake yankewa a ɗinke, ta yi yawa a ƙasar nan. Binciken 2014 ya nuna kusan kashi 87 cikin 100 na matan da ke tsakanin shekara 15 da 49 an yi musu wani nau'i na kaciya. Iyayenmu ba su zo da ɗinkin nan ba. Sai ya zama abin gori, yaran maƙwabta suna tsokanar 'yan matanmu cewa ba su da tsarki. Abin da ya fi ci min rai a duk aikina shi ne gidajenmu da suka fara samun wadata, suka koma unguwar Larabawa, suka fara kai 'ya'yansu a yi musu, don a ce su ma 'yan gari ne, don su auru a sama. Uban ya shiga cikin mutane da jallabiya da rawani da Larabci mai kyau. 'Yar da jikinta ta biya kuɗin shigar, kuma ni nake ganin sakamakon ranar haihuwa. Tun 1946 Turawa suka hana ɗinkin, bai hanu ba. A 2020 aka sa ɗaurin shekara 3 a kan kaciyar gaba ɗaya, sai yaƙi ya zo ya ɗauke hankalin kowa.

Man shafawa na ƙara haske ma hanyarsa ɗaya. Na ji amaren Kano yanzu ba sa shiga ɗaki sai an yi musu dilka da halawa da turaren jiki irin namu. Waɗannan gyara ne mai kyau, ba ni da ja. Amma a kasuwanninmu akwai masu auna man bilicin a cokali, kowa gwargwadon kuɗinta, kuma 'yan mata suna saya don sun ga wadda ake ɗauka aikin banki da talabijin, sun ga wadda ake nema da aure. Ba a tambayar namiji ya yi haske. Mai kuɗi ta je wurin likitan fata, talaka ta shafa haɗin da ba ta san me ke ciki ba, fuska ta ƙone.

Duk da haka muna da abin tunƙaho. Mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon Umdurman, a farkon shekarun 1940, tamu ce, Aisha Musa Ahmad da ake kira Aisha Fallatiya, 'yar malami, ta rasu a 1974. Ta yi waƙa da Larabci da Hausa. Ni dai ina ganin ba banza ba ta zama ta farko. A lokacin babu gidan masu nasaba da zai bar 'yarsa ta tsaya gaban maza tana waƙa, sai wadda dama an ajiye ta a gefe. Ita ta sha zagin, daga gida da waje, ta buɗe ƙofar da 'ya'yansu suka bi daga baya.

In har yanzu kina ganin fata ce kaɗai, ki duba abin da ya faru a jihar Shuɗin Nilu a 2022. Hausawan can suka nemi a ba su masarauta tasu a tsarin sarautun gargajiya. Ƙabilun yankin, Hamaj da Barta da sauran masu jingina da tsohuwar daular Funj, suka ce sarauta da ƙasa take tafiya, baƙo kuwa ba shi da ƙasa. A watan Yuli aka kashe mutum sama da 100 a Rusairis da kewaye, a Oktoba wajen 200 a Wad al-Mahi, daga kowane ɓangare, dubbai suka gudu. Waɗanda muka yi faɗan da su ba su fi mu haske ba, kakanninsu ne ma masu farautar bayi suka addaba, kuma Hartum ta manta da su kamar yadda ta manta da mu. Talaka da talaka suka kashe juna a kan gaɓar kogi. Mazan aka ƙirga a gawa. Matan da suka haihu a azuzuwan makaranta a Damazin da Sinnar, da waɗanda suka zama gwauraye da yara ba gona, ba su shiga lissafi ba.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 bai bar kowa ba, wannan gaskiya ce. Dakarun RSF, rundunar da ke yaƙi da sojan gwamnati, da suka shiga Madani a Disamba 2023 sun wawushe ƙauyukan masu hawasha, sun yi wa mata fyaɗe ba su tambayi nasaba ba, a Wad al-Nura kaɗai sun kashe sama da 100 a Yuni 2024. Amma wajen gudu aka ga bambanci. Mai fasfo da ɗan'uwa a Saudiyya ko Masar ya fita. Mai takarda ya wuce shingen bincike. Wanda ba shi da ita, ko fuskarsa da harshensa suka yi kama da na yamma, a tsare shi a ce ɗan leƙen asiri ne, masu shayi da yawa an yi musu wannan ƙazafin. Da soja suka dawo Jazira a Janairu 2025, mayaƙan da ke tare da su suka afka wa Kambo Tayba kusa da Ummul Ƙura, masu bincike suka ce an kashe aƙalla mutum 26. Mutanen da suka kasa gudu don ba su da kuɗin mota, zamansu ya zama hujja a kansu.

Kada ki karanta wannan ki ce Allah ya raba ku da irin wannan ƙasa. Laifi tudu ne. A Arewa sai 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a doka, kuma na ji har yanzu in ana neman aure ana tono wane ne jikan bawa, wane ne bacucane, wane ne ɗan mahauta ko maroƙa ko wanzamai. Na ji yadda ake kallon Bamaguje. Na ji ana ɗauko 'yan mata daga ƙauye su yi aikatau a manyan gidaje, albashin a hannun wata dillaliya. Ke kike can, kin fi ni sanin ko haka ne, ina son ki rubuto min a kai, musamman maganar 'yan aikin.

Wasu daga cikin maƙwabtanmu sun fara komawa Jazira. Masu hawasha sun koma gonakinsu, takarda na hannunsu. Mutanen kambo kuma wasu sun tarar an ƙone, wasu an ce kada su sake kafa bukka a wurin, alhali shuka ba za ta yiwu ba sai da su. Ƙanena yana son ya je ya gano kafin damina, mu mata da yara za mu dakata tukuna. Jikata ta zauna jarrabawar sakandare a nan, likitanci take so, jinsiyyarta ta fito ta wajen ubanta. Ki sa ta a addu'a.

Ki gaida kowa da kowa.

Gwaggonki.